Mazubin POP na marigayi Baba ya daina shan ruwa

Assalamu alaikum masu aikin tangaran. Na gaji mazubai 14 na filastar POP (farar hodar da ake kwaɓawa da ruwa ta daskare) daga mahaifina, na raƙumi, doki da zakara, tun zamanin da ya koyi aikin a Zariya. Na raƙumin ne ya gagare ni. Idan na zuba ruwan yumɓu, sai ya yi awa biyu bai kama jiki ba, in na buɗe kuma ƙafafun su liƙe su karye. Na shanya shi mako guda a inuwa, shiru. Akwai tsaga a wuya da na liƙe da gam, ina zargin nan na ɓata lamarin, don gam yana toshe ƙananan ƙofofin da filasta ke tsotse ruwan yumɓu ta cikinsu. Shin in kankare gam ɗin, ko in fitar da siffa guda in zuba sabon mazubi a kanta? Tsoro nake kada zanen gashin da Baba ya yi da hannunsa ya shafe.