Gurbi biyu a kimiyyar halittu: me ake dubawa kafin a amsa ɗaya?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum. Lokacin amsa tayin gurbin karatu ya matso, ga ɗalibai riƙe da takarda biyu ko uku daga jami'o'i daban-daban, duk a fannin kimiyyar halittu. Malamai da ma'aikatan ɗakin gwaji, don Allah me ya kamata a fara dubawa?

Malamin bayokemistiri:
Wa alaikumus salam. Kada sunan digirin ya ruɗi ɗalibi. Jami'a biyu kan rubuta suna ɗaya a takarda, alhali ɗaya ta fi ƙarfi a tsirrai da dabbobi da muhalli, ɗayar kuma a sinadaran jiki da ƙwayoyin gado. A nemo jerin darussan kowace shekara, a ajiye su gefe da gefe, a ware na tilas daga na zaɓi. Sai a ƙirga kemistiri nawa ne, ƙididdiga nawa ce. A abin da muke gani, nan ne 'yan shekarar farko suke tuntuɓe: sun zo don son ilimin halittu, sai suka tarar da lissafin haɗa sinadari da auna saurin aikin enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta ayyukan cikin jiki. Darussan zaɓi kuwa ba kowace shekara ake bayar da su ba. Malami ya tafi hutun bincike, ko masu rajista sun yi kaɗan, shi ke nan an rufe. A rubuta wa sashen a tambayi waɗanda aka koyar a zahiri cikin shekara biyu da suka wuce.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji:
Malam ya faɗi gaskiya, amma jerin darussa ba ya nuna abin da hannu zai taɓa. Tambaya biyu ce: awa nawa ake yi a ɗakin gwaji kowane mako, kuma mutum nawa ne a teburi ɗaya? In bibbiyu ne, madalla. In takwas ne, ɗaya ke aiki, bakwai na kwafar sakamako.

Ga misali da fifet, abin ɗiban ruwa ɗan mitsitsi. Maɓallinsa yana da matsaya biyu. Wanda bai saba ba yakan danna har ta biyu kafin ya ɗiba, sai ruwan ya wuce adadin da aka saita, gwajin duk ya karkace bai san dalili ba. Wani kuma ya ɗauki babban fifet, P1000, zai ɗebi mikrolita 10 (kashi ɗaya cikin ɗari na mililita), alhali aikin ƙarami ne, P20. Haka PCR, gwajin da ke ninka DNA (sinadarin gado) ta yi yawa: in aka manta canza bakin fifet tsakanin samfuri da samfuri, DNA ta wani bututu takan shiga wani, har bututun da aka bari ba samfuri ya nuna layin DNA a jel ɗin da ake duba sakamako a kai. Shuka bakteriya a faranti ma haka, a sa a zafin digiri 37 na Salshiyas ya kwana, da safe a ga baƙin ƙwayoyi sun tsiro don kayan ba su samu minti 15 a zafin digiri 121 cikin otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyi, ba. Ba a koyon waɗannan da kallo. Sai hannu ya ɓata sau uku ko huɗu.

In an samu zuwa ganin jami'ar, a ce a nuna ɗakin gwajin ɗalibai. Na'urar nan mai ƙyalli da ke cikin hotunan talla galibi ta masu bincike ce, ɗan aji biyu ba ya kusantarta.

Ɗalibin digirin digirgir:
Malama, a ƙara da aikin bincike na shekarar ƙarshe. Wani wuri gwaji ne na gaske na makonni, wani wuri tattara rubuce-rubucen wasu ne kawai. A tambayi yadda ake raba shi: da maki, da ƙuri'a, ko ɗalibi ke zaɓar malami? Malamin nan shi zai rubuta takardar shaida in za a nemi digiri na biyu. A sa sunayen malaman sashen a PubMed ko Google Scholar, shafukan intanet na neman binciken da aka wallafa, a ga abin da suka wallafa cikin shekara uku. Sannan a duba ko ana koyar da R ko Python, harsunan kwamfuta da ake nazarin bayanai da su, don yanzu bayanan ƙwayoyin gado sun fi ƙarfin a duba su da ido.

Malamin bayokemistiri:
Ƙanena, ban ƙi ta taka ba, sai dai yawan wallafa ba ya nufin iya koyarwa. Jadawalin QS da na Times Higher Education, masu jera jami'o'i bisa matsayi, sun fi auna bincike da shuhura. Babban farfesa na iya shekara bai shiga ajin 'yan farko ba.

Ɗalibin digirin digirgir:
Haka ne, Malam. Amma inda bincike ke gudana, nan ɗalibi ke samun ɗakin gwajin da zai raɓa lokacin dogon hutu.

Mai ba ɗalibai shawara:
Abin da ya fi cutar da mutane shi ne rashin amincewar hukumar sana'a da digirin da suka yi. A Birtaniya, mai son yin rajista da HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya, don aikin gwajin asibiti yana buƙatar digirin da IBMS, ƙungiyar masana gwajin asibiti, ta amince da shi, in ba haka ba sai ya ƙara darussan cike giɓi. Kowace ƙasa da tata hukumar, a bincika kafin a sa hannu. A lura da tsawon karatu kuma: shekara uku a Ingila, huɗu a Sikotilan, wasu kwasa-kwasan da ƙarin shekarar aiki a masana'anta. Tayin da ke da sharaɗi a karanta shi da kyau, don wani sa'in makin kemistiri kaɗai ake nufi, ba jimilla ba.

Mai buɗe zance:
To wanda ke fatan sauyawa zuwa likitanci daga baya fa?

Mai ba ɗalibai shawara:
Kada ya dogara da "ai ana yi". Ya nemi ƙa'idar sauyin a rubuce, da adadin waɗanda aka ɗauka bara. In sashen ya kasa bayarwa, ya zaɓi kwas ɗin da zai iya kammalawa ko da sauyin bai yiwu ba.