Kalmar "defer": Ɗagewa ce ko sallamawa?

Ɗalibar Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Jiya aka dawo mini da takardata, ban yi barci ba.

Da sunan Allah nake farawa,
Malamai, ga tambaya ina kawowa.
Na sami gurbin karatu a bana,
Ciwon Baba ya hana ni wucewa.
Mama ta ce, "Ki bari sai baɗi,
Kuɗin rajista magani za su sayowa."
Na sa differ a takardar roƙona,
Suka zagaye ta da ja kafin maidowa.

Malamin Kawo:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya.

Share hawayenki ki saurara,
Haruffa ne suka jawo kuskurewa.
Differ nufinta bambanta ko saɓani,
Kamar gero da dawa wajen rarrabewa.
Defer kike so, e ce bayan d,
F ɗaya tak, ba a ninkawa.
Gaɓar ƙarshe ake ba wa ƙarfi,
Differ kuwa a farko ake dannawa.
Defer nufinta a kai abu wani lokaci gaba,
Gurbinki na nan, ba batun sokewa.
In ya wuce, deferred za ki rubuta,
A nan r ce ake maimaitawa.

Tela na Kasuwar Barci:
Allah gafarta Malam, ni ma ta rutsa da ni.

Wani lauya ya kawo min farar shadda,
Na ce wane aiki za mu ɗorawa?
Ya ce, "I defer to you," ya fita,
Ya bar ni tsaye ina jujjuyawa.
Almakashi na hannu, alli na kunne,
In jira shi ne, ko in kama yankawa?

Malamin Kawo:
Yanka shaddarka, maigida, kar ka jira,
Wuƙa da nama ya ba ka, ba tsayawa.
In "to" da mutum suka biyo ta, ma'ana ta juya,
Ta bar jinkiri ta koma sallamawa.
Ya san doka, kai ka san zare,
Ya bi ra'ayinka don girmamawa.
Asalinsu biyu ne can a Latin,
Ta Faransanci suka yi shigowa.
Differre ta haifi mai jinkirtawa,
Deferre ta haifi mai miƙawa.
Differ da defer ta farko uwarsu ɗaya,
Kin ga dalilin da ake ruɗewa.

Hajiya ta Unguwar Rimi:
Malam, sannu da ƙoƙari. Ni da yarinyar nan zan yi magana, don na ga 'yan mata da yawa da "sai baɗi" ta cinye.

'Yata, duka biyun a kanki suka haɗu,
Kin bi Mama, karatu kika ɗagewa.
Allah ya yi maki albarka a kan haka,
Amma ɗagewa tana da ranar dawowa.
Ɗagewar da ba a yanka wa rana ba,
A hankali take zama fasawa.
Sa zangon da za ki koma a takarda,
Da shaidar likita ki yi haɗawa.
Kar ki zauna gida kan an ce an ji,
Amsa a rubuce ake karɓowa.
Ki yi mata kwafi ki ba Mama ajiya,
Ita da kanta za ta rinƙa tunawa.

Ɗalibar Tudun Wada:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Na karanta wa Mama a bakin gadon Baba, shi ma ya ji.

Na gyara kalmar, na sa zangon baɗi,
Likita ya ce gobe zai sa hannuwa.
Litinin da sassafe zan hau Keke,
Sai an buga min hatimi zan tahowa.