Tambaya kan duba cikin mafitsara da na'ura mai kyamara

Umman Sadiq: Assalamu alaikum. Mahaifina ya ga jini a fitsarinsa, aka yi masa hoton ciki ba a ga komai ba, amma likita ya ce sai an zura na'ura an duba cikin mafitsara, kuma hankalinsa ya tashi ƙwarai. Don Allah yaya ake yin wannan aiki, kuma me ya sa ya zama dole tunda hoto bai nuna wata matsala ba?

Abu Hafsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Likitan yana da gaskiya, domin hoto yakan kasa gano ƙaramin tsiro ko wani jan tabo da ke manne da bangon mafitsara, alhali da wannan na'ura ido ne ke gani kai tsaye. Siririn bututu ne mai fitila da kyamara a bakinsa, wanda ake zurawa ta hanyar fitsari bayan an sa maganin kashe zafi mai santsi, sannan a cika mafitsarar da ruwa mai tsabta don ta buɗe. Idan mai lanƙwasuwa ne, mutum yana farke, kuma dubawar mintuna kaɗan ce. Mai tauri kuwa, wanda aka fi amfani da shi idan za a gutsuro nama don gwaji ko a cire tsakuwa, ana yinsa ne bayan an sa barci ko an kashe ƙasan jiki.

Malam Ɗanjuma: An yi mini irin mai lanƙwasuwar. Wurin da na fi jin matsi shi ne daf da shiga mafitsara, sai likitan ya ce in saki jiki kamar zan yi fitsari, nan take kuwa ya wuce. Bayan haka na ji raɗaɗi wajen fitsari na kwana ɗaya ko biyu, tare da ɗan jini-jini, kuma shan ruwa da yawa ya taimaka.

Abu Hafsa: Haka ne, Malam. Sai dai ki sanar da likita tun kafin ranar idan Baba yana shan maganin tsinka jini kamar warfarin, kada kuma ya daina sha da kansa. Idan bayan aikin zazzaɓi ya zo, ko fitsari ya ƙi fita, ko jini ya riƙa fitowa guda-guda, ku koma asibiti ba tare da jinkiri ba.