Wagon ko ƙaramar jif? Miliyan shida ce a hannuna, ku ba ni shawara

Baban_Khalifa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar mota ku taimaka min, kaina ya kulle. Watan jiya na sayar da tsohuwar Golf 3 ɗina, na haɗa da kuɗin adashe da na ɗauka da ɗan abin da na samu a dankali bana, yanzu miliyan shida ce cif a hannuna, ko sisi babu ƙari, kuma wallahi ba na son cin bashi a kan mota.

A unguwar Rikkos ta Jos nake zaune, aiki a Bukuru, kullum sai na yi wannan hanyar zuwa da dawowa. Mata ɗaya, yara huɗu, wani lokacin har da Inna idan za a je asibiti. Ina da 'yar gona can wajen Mangu, idan ka sauka daga kwalta akwai burji mai ɗan nisa, da rani lafiya lau amma da damina sai addu'a, bara ma dutse ya fasa min tukunyar baƙin mai a ƙasan inji, a nan motar ta kwana sai washegari muka jawo ta. Sannan duk bayan wata biyu haka nakan leƙa Abuja wajen yayana.

Abin da dillalai suka nuna min: Peugeot 406 wagon, Pontiac Vibe 2005, RAV4 2003 da kuma CR-V 2004. Duk na hannu ne da aka hau a nan gida, tokumbo kam kuɗina bai kai ba. Ni zuciyata tana kan wagon saboda mai da kaya, amma Maman Khalifa ta kafe sai jif, wai ta gaji, lokacin Golf duk inda muka tsaya sai wani ya leƙo ta taga yana tambaya ko Terminus za mu, ya ɗauka motar haya ce. Toh ya za a yi?

Bakanike_FarinGada:

Wa alaikumus salam Malam. Shekara ashirin da wani abu ina kwance a ƙarƙashin motocin nan, bari in faɗa maka yadda nake gani, ka ɗauka ko ka bari.

Da farko ka daina cewa miliyan shida gare ka. Biyar da ɗan wani abu gare ka. Sauran na gyara ne, domin babu motar hannu da za ka saya a garin nan ka ce ba za ka taɓa komai ba, taya, batir, shokozoba, juyen baƙin mai, canjin takardu, la'adar dillali, duk suna nan suna jiranka a bakin ƙofa. Na sha ganin mutum ya zuba duk abin da ya mallaka ya sayi jif, an yi ta Allah sanya alheri, bayan sati uku ta zo garejinmu ta yi wata biyu a kan dutse saboda ba kuɗin giya, kaji har sun fara ƙwai a ƙarƙashinta.

Kuma ka gane wani abu, da kuɗi ɗaya wagon mai lafiya za ka samu, amma jif gajiyayya za ka samu. Sunan jif ɗin kaɗai kuɗi ne a Najeriya. Wanda ya sayar maka da RAV4 a farashin Vibe akwai abin da ya sani wanda kai ba ka sani ba.

RAV4 ɗin da ka ce, daga 2001 zuwa 2003 masu otomatik an san su da matsalar kwamfutar da ke sarrafa giya, za ka ji tana fizga idan za ta shiga ta uku, mutane su ɗauka giyar ce su canza, sabuwar ma ta sake lalacewa tunda tushen ciwon yana nan. Idan an riga an gyara kwamfutar to mota ce mai ƙarfi ba ƙarya. Masu bi mata kuma, 2006 zuwa 2008 masu inji 2.4, da yawansu shan baƙin mai suke kamar shayi, ka riƙa yawo da galan a but. CR-V 2004 injinta ba shi da fitina, tayimin ɗinta sarƙa ce ba bel ba, amma kwamfireson esi ɗinta ya yi suna wajen mutuwa, kuma idan ya mutu yakan watsa ƙarfe cikin layin gaba ɗaya. Mu a Jos da sauƙi, sanyi kyauta ne, amma ranar da ka gangara Akwanga zuwa Keffi a watan Maris za ka tuna da ni.

Vibe kuwa kar sunan Pontiac ya tsorata ka. Kamfanin ya rufe tun 2010 amma motar Toyota ce aka sa wa wata riga, ita da Matrix uwa ɗaya uba ɗaya, injin 1.8 irin na Corolla. Duk abin da ya lalace a inji ko ƙafa ka shiga kasuwar kayan mota ta Dilimi ka ce na Corolla ko Matrix kake so, ko yaron shago ya san shi. Fitilu da kayan bodi ne kawai sai an ɗan nema. Kuma ta fi Golf ɗinka tsayi daga ƙasa, ka sa mata shokozoba masu kyau, ka sa mai walda ya yi maka faranti a ƙarƙashin inji, hanyar gonar nan za ta shiga in dai ba kogi za ka tsallaka ba.

Tambayar da zan maka ita ce, sau nawa kake shiga burjin nan da damina? In sau goma ne a shekara, to saboda kwana goma za ka riƙa sayen man jif na kwana ɗari uku da hamsin da biyar? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafin mota ya canza, ba farashin saye ba ne abin tsoro yanzu, gidan mai ne.

Maman_Biyu_Lugbe:

Oga bakanike na ji bayaninka kuma akwai gaskiya, amma ku maza kullum lissafinku lita da taya, ba ku ne kuke fita da yara cikin ruwan sama ba. Ni CR-V 2005 nake ja a Abuja shekara huɗu kenan. Kafin ita ƙaramar mota gare ni, layinmu idan aka yi ruwa na awa ɗaya sai ka rantse rafi ne, sau biyu ruwa yana shigar min har kan kafet, warin ya yi wata bai fita ba, kuma salansa kullum tana wajen mai walda. Tunda na sayi wannan ban sake tsayawa ina jiran ruwa ya janye ba.

Mai kam tana sha, ba zan ɓoye ba, musamman a gosulon hanyar filin jirgi da safe. Esi ma na gyara sau ɗaya kuma na ji a jikina. Amma ka ce kana ɗaukar Inna zuwa asibiti, tsohuwa mai ciwon gwiwa ta fi jin daɗin shiga motar da kujerarta take daidai ƙugu, ba wadda za ta durƙusa kamar za ta shiga akurki ba. Mahaifiyata da bakinta ta faɗa.

Kuma Malam kar ka raina maganar matarka, ita ma motarta ce. Sai dai ki yi haƙuri 'yar'uwa idan kina karantawa, yara huɗu a bayan CR-V ko RAV4 matsi ɗaya ne da Vibe, duk kujera biyar ce, tsayi ne kawai ya bambanta su ba faɗi ba.

Direban_Hawan_Kibo:

Hhhh Hajiya ta kare muku jif. Ni dai fijo zan yi wa kamfen, shekara tara ina lodin Jos zuwa Abuja da 406 wagon. Yallabai a duk motocin da ka lissafa babu wadda ta kai ta but, buhun dankali da za ka zuba a bayanta Vibe sai ta yi sawu biyu, kuma a kan kwalta babu mai zamanta, ka sauko Hawan Kibo da lodi tana manne da titi kamar an shafa mata gam, jif kuwa saboda tsayinta a kwana sai ka ji tana rangaji. Tayarta 195/65 R15 ce, ko'ina akwai kuma da araha, je ka tambayi kuɗin taya huɗu na jif mai rim 16 ka dawo mu yi magana. Mu Arewa da fijo muka tashi tun 504 da ake haɗawa a Kaduna, babu garin da za ka lalace ka rasa wanda ya san ta.

Amma tsakani da Allah zan gaya maka aibinta. Kar ka kuskura ka sayi otomatik, manuwal kawai. Tayimin bel gare ta, ranar da ka saya ranar za ka canza, kar ka yarda da rantsuwar mai ita, in ya tsinke a kan gudu injin ya tafi. Wayarin ɗinta ba ya son ɗan koyo. Sannan babbar matsalar, yawancin 406 wagon da ke kasuwa yanzu mu 'yan haya mun gama tatse su, an yi musu fenti ne kawai, ka duba fedar kulochi da sitiyari da hannun ƙofar baya, in sun sule sun yi sumul to ta ci hanya ko da mita ta ce ba haka ba. Kuma tana ƙasa, burjin Mangu da damina sai ka bi a hankali. Maganar a tsayar da kai a tambaye ka Terminus kuwa, da 406 wagon har Mararaba za a riƙa tambayarka, Hajiya ta shirya.

Abu_Sumayya:

Duk an yi maganar inji ba wanda ya taɓo takardu. Dan'uwa ko wacce ka zaɓa ka ga takardar kwastam ta asali, ka haɗa lambar shasi da ke jikin mota da wadda ke takarda harafi da harafi. Tun Janairun 2017 da aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, 'yan Kwatano da yawa ta daji suka shigo, takardunsu na bogi ne. Wani abokina a hanyar Abuja aka sauke shi da iyalinsa da kayansu a bakin titi, abin da ya kashe kafin ya karɓo motar ya kusa rabin kuɗinta. Ka kuma leƙa ƙarƙashi da tocila, motocin da suka fito daga wuraren ƙanƙara a Amurka da Kanada gishirin da ake zubawa a titi yana cinye musu ƙasa, sama fes ƙasa tsatsa.

Baban_Khalifa:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga bakanike na zauna na ƙirga, bara sau bakwai na shiga gona da damina, sauran duk yaron da ke kula min ne yake zuwa da mashin. Na karanta wa Maman Khalifa amsoshin nan jiya da dare, da aka zo na Hajiya ta ce ka ji ko, da aka zo na direba ta ce fijo kam ko kyauta ba ta so. Don haka 406 ta fita, saura Vibe da CR-V. Na nuna mata hoton Vibe ɗin ta ce ai wannan ma kamar 'yar jif ce, ni dai na yi shiru ban gyara mata ba.

Mai Vibe ɗin ya ce in zo Asabar da rana. Oga akwai abin da zan duba na musamman?

Bakanike_FarinGada:

Kar ka je da rana Malam. Ka ce masa ƙarfe bakwai na safe za ka zo kuma kar ya tayar da ita, ka fara ɗora hannunka a kan inji ka ji da sanyinsa. A sanyin Jos na asuba inji ba ya iya ƙarya, in akwai hayaƙi ko ƙara a nan za ka gani. Ka buɗe murfin lagireto kafin a tayar, in ka ga ruwan ya yi kamar kunun gyaɗa ka yi masa sallama. Ka ja ta har Bukuru ka dawo da esi a kunne idonka na kan allurar zafi, a sa mata kwamfuta, a leƙa a ga ko an cire katalis, abin tace hayaƙin nan na jikin salansa, in an cire a rage maka kuɗi. Kuma ka je da bakanikenka, ba wanda dillali zai kira maka ba.

Af, ka tambaye shi mai jan ƙafa huɗu ce ko ta gaba kawai, Vibe tana da iri biyun. Ta gaba kawai nake so ka ɗauka.