Bayan shan kaye a zaɓe: saɓanin aƙida ne ko rigimar kujera?

Ɗan Unguwar Sanusi:
Assalamu alaikum. Tun da jam'iyyarmu ta sha kaye a zaɓen da ya gabata, ba mu sake zaman mazaɓa an tashi lafiya ba. A zamanmu na ƙarshe, a kan bencina a ƙofar shagon da muke haya a matsayin ofis, wasu sun dage cewa mu riƙe adawa tsantsa, mu riƙa magana a kan tsadar taki da kuɗin makaranta, wasu kuma suka ce siyasa ba gaba ba ce, gara a matsa kusa da gwamnati ko mutanenmu ma sa samu abin sawa a baka. Kafin a kira la'asar kowane ɓangare ya kira ɗaya maci amana. Ina tambayar manya: wannan saɓanin aƙida ne, ko yunwa ce ta sako rigar aƙida?

Tsohon ɗan PRP, Zariya:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Gardamar nan taku ta girme ku. A 1979 jam'iyyar PRP ta ci kujerar gwamna a Kano da Kaduna, amma Malam Aminu Kano ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa, Shehu Shagari na NPN ya hau. Daga nan aka shiga tambayar da kuke yi yanzu, wato yaya za a zauna da mai mulki. Gwamnoninmu, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna, suka riƙa zama da gwamnonin UPN da GNPP domin a haɗa ƙarfi a kan NPN, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi bari, sai muka dare gida biyu, Santsi na ɓangaren gwamnonin da Taɓo na ɓangaren Malam Aminu. Ni ɗan Santsi ne, kuma har gobe ina cewa rigimar tana da aƙida a ciki, domin gwamnonin da suka soke haraji da jangali ba neman kwangila ya kai su ba. Amma ba zan ɓoye maka abin da ta jawo ba. Majalisar dokokin Kaduna da NPN ke da rinjaye a cikinta ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, ta tsige shi a watan Yunin 1981, kuma a 1983 Kaduna ta koma hannun NPN, Rimi da ya tafi NPP kuwa ya sha ƙasa a hannun Sabo Bakin Zuwo.

Malama daga Barnawa:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma na yanzu ba irin naku ba ne. PDP ta mulki jihar nan ta Kaduna shekara 16, ta faɗi a 2015, kuma rikicin da ya biyo baya a matakin ƙasa tsakanin Ali Modu Sheriff da kwamitin riƙo na Ahmed Makarfi bai taɓa zama a kan wata manufa ba. Wa ke riƙe da sakatariya da hatimi, shi ke nan, har sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama a 2017. Shawarata ga mai tambaya ita ce ya nemi kowane ɓangare ya faɗi abu ɗaya da suka saɓa a kai ba tare da ya ambaci sunan mutum ba.

Mazaunin Kawo:
Malama, ina ganin kin yi saurin yanke hukunci. Maganar karɓa-karɓa da ta sa gwamnonin PDP biyar suka juya wa Atiku, ɗan takararta na shugaban ƙasa, baya a 2023 tana da son zuciya a ciki, amma tambaya ce ta gaske a kan yadda za a raba mulki tsakanin Arewa da Kudu, kuma mu a Kaduna mun fi kowa sanin nauyinta. Ki tuna kuma a wannan zaɓen PDP ta ɗauki kujerun sanata uku na jihar, ta rasa gwamna da tazara kaɗan, shi ya sa kowa ke ganin hanyarsa ce da za ta cike giɓin.

Ɗan Unguwar Sanusi:
Na gode ƙwarai. Ranar Asabar muke da zama, zan gwada tambayar Malama, in dai shugaban mazaɓa ya ba ni damar magana, domin shi ma an ce ya fara zuwa gaisuwa wancan gidan.