Ranar da kuɗi ke gabanka, ba mai ganinka sai Allah

Mai POS, Sabon Tasha:
Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina so in ji daga bakin waɗanda gwajin riƙe gaskiya a wurin neman kuɗi ya taɓa samun su. Nawa ya faru farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi wuya. Ni ma sayen tsabar nake yi a gidan mai, amma na ɗora riba fiye da kima, ba zan ɓoye ba. Wata tsohuwa ta zo cire dubu biyar na maganin jikanta, na cire dubu ɗaya. Ta ƙirga, ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, ba kai ne kake cikin mawaƙan cocinmu ba?" Ba faɗa ta yi ba, tambaya ce kawai. Na mayar mata, hannuna na rawa. Daga ranar na rage caji, kuma da ƙyar na biya kuɗin shago a watan. Ku fa?

Mama mai hatsi, Saminaka:
Sannu ɗana, Ubangiji ya riƙe ka. Ni shekaru na yi da mudu biyu. Babba na saye daga manoma, da wani da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, shi ne na sayarwa. Haka na tarar ana yi, ban taɓa ɗaukarsa zunubi ba. Ranar wani taron Zumuntar Mata aka karanta Luka 6:38, wurin mudun da aka danna, aka girgiza, ya cika har yana zuba, da cewa mudun da ka auna wa wani da shi za a auna maka. Wasu sun ji misali, ni kuwa rumfata na gani. Na kasa cin tuwo daren nan.

Washegari na bar bugaggen mudun a gida, yanzu da shi nake ba kaji dusa. Abokan sana'a sun yi ta gunaguni wai zan ɓata musu kasuwa, wata ta daina gaishe ni kusan shekara. Akwai wani Alhaji da ke saye yana kaiwa kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, yanzu yaronsa kawai yake turowa, ba ya ma sake awo. Amma kada wani ya ce na yi arziki. Ribar kowane buhun masara ta ragu, kuɗin makarantar auta har yau sai da adashe.

Ma'aikacin gwamnati, Jos:
Mama, na gode da kika faɗi wannan na ƙarshen, domin a shaida a coci yawanci ba a faɗarsa. A ofishinmu fayil ba ya motsi sai da na goro. Na ƙi karɓa, na ƙi a sa ni a rabo. Suka laƙaba mini "Fasto", ba don girmamawa ba, daga baya aka mayar da ni teburin da ko ƙuda ba ya zuwa. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya cinye kusan rabin albashina. Uwargida ta tambaye ni, cikin hawaye, ko mu kaɗai ne Kiristoci a garin. Maganar Yohanna Mai Baftisma ga sojoji a Luka 3:14, cewa albashinsu ya ishe su, ita nake riƙe da ita, amma akwai ranakun da take yi mini nauyi ƙwarai.

Tela, Wusasa:
Baba, muna tare da kai cikin addu'a. Ni tawa ƙarya ce. Disamba na karɓi ɗinkin Kirsimeti fiye da ƙarfina, kullum "gobe ki dawo". Wata yarinya ta je sujada ranar 25 da tsohuwar riga saboda ni, a benci ɗaya da 'yata. Bana na rufe karɓar aiki tun ranar 5, ragowar yadi kuma ina naɗe wa mai shi a leda.

Mama mai hatsi:
Ɗan'uwa na Jos, ka gaishe mini da uwargida. Idan akwai direban da ka sani mai bin hanyar Pambeguwa, a turo shi rumfata, akwai masarar da na ware muku.