Wai da wace kalma za mu kira overdose a gaban ɗalibai?

Jama'a salamu alaikum, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ke nan ku matso. Maganar shaye-shaye ta riga ta shiga sakandare ko mun so ko mun ƙi, binciken da UNODC (ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka) da hukumar ƙididdiga suka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya na ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suke sha, kuma a shekarar gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin. Toh amma har yau in malami ya tsaya gaban aji zai yi bayanin halin da mutum ke shiga in abin ya fi ƙarfin jikinsa sai ya ari ta Bature ya ce obados, yara su gyaɗa kai alhali rabinsu ba su gane ba. A muhawarar da muke yi a nan kan kalmar Hausa da za a sa a madadinta, wasu sun riga sun kawo shawarwarinsu.

Wani malam ya kawo "shan wuce kima". Malam Allah ya ƙara sani, fassarar ta yi daidai, a takarda ma ita zan zaɓa, amma ka duba abin da ɗan JS3 zai ji, zai ɗauka akwai wata kima da in bai wuce ta ba lafiya lau. Kuma ba haka abin yake ba, wani ba yawa ya sha ba haɗawa ya yi da wani abu mai sa barci, wani kuma ya daina ne na ɗan lokaci sai ya koma ya sha yadda ya saba a da, jikin ya riga ya manta, shikenan numfashi ya tsaya.

Ƙanina da ka ce "ƙwaya ta yi masa karo", eh haka ake faɗa a unguwa, amma wallahi da dariya ake faɗinta, ita da "ya yi mankas". Duk kalmar da za ta sa yara su ciro waya su ɗauki bidiyo maimakon su ruga kiran babba ba ta da wuri a aji.

Ni dai inda na tsaya shi ne GUBAR ƘWAYA. A ce ƙwaya ta zame masa guba. In maganin asibiti ne irin farasitamol a ce gubar magani. Bahaushe in ya ji guba ba ya zama, tashi yake yi, kuma ba ta zagin yaron, ba a ce masa ɗan ƙwaya ko ɗan iska ba balle abokansa su ɓoye shi a hostel don tsoron kora ko bulala, wanda wannan ɓoyewar ita ke kashe yara.

Hajiya nas ta yi gyara mai kyau, ta ce da an ce guba mutanenmu manja da madara za su ɗauko. Gaskiya ne Anti, shi ya sa dole kalmar ta tafi da bayaninta. A koya musu alamomi: an girgiza shi an kira sunansa bai farka ba, numfashi na fita a hankali ko da wani irin minshari kamar ana shaƙe shi, ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama ɗan ɗigo, leɓe ya yi toka-toka, mai tiramol ma har farfaɗiya yake yi. Kar a ɗura masa komai a baki, zai iya wucewa huhu. Kar a ce a bar shi ya yi barci zai wartsake. A kwantar da shi ta gefe, wani ya tsaya a kansa, wani ya kira malami ko lambar gaggawa ta 112, a yi asibiti da shi, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha don akwai allurar naloxone da ke karya irin su kodin in an kai shi da wuri.

Kuma don Allah malamai, a darasin ba sai an lissafo guda nawa ke bugarwa ko inda ake sayarwa ba.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke fama da ta Faransanci, me kuke cewa a can? In ba mai wata da ta fi, mu sa gubar ƙwaya a allunan da za a liƙa a makarantu kafin 31 ga Agusta, ranar da duniya ta ware don wannan matsalar.